Ƙamshin Kanumfari a Tafin Tahira

Masu karatu, da yawanku kun rubuto mini kuna cewa in daina jan rai, in faɗi abin da ya faru a Zanzibar. Wata baiwar Allah daga Tasawa har ta ce ta tabbata amaryata ce mai laifi, tun ba ta ji komai ba. Zan faɗa, amma da roƙo ɗaya: kada ku yanke wa Tahira hukunci kafin ku kai ƙarshe. Ni na yanke mata tun a filin jirgi, kuma abin da ya biyo baya shi ne ya zaunar da ni yau ina wannan rubutu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Idirisa, haifaffen Jiratawa, ɗan manomin rani. Mahaifina ya rasu ya bar wa innata garka guda a bakin kanal, inda muke noman zogale da albasa. Na yi jami'a a Maraɗi, na samu digirin lisans, na yi sarbis sibik, wato hidimar ƙasa, sannan na koma gida da takardu cikin leda ina jiran aikin da bai zo ba. Har fasfo ina da shi, wanda na yi saboda wani gurbin karatu a waje da aka ba wani. Shekara uku yana ƙasan akwati, ko hatimi ɗaya babu a cikinsa.

Tahira kuwa ɗiyar Alhaji Ya'u ce, mai kayan ƙamshi, wanda duk mai shan fura ko kunu a yankinmu ya taɓa haɗiyar kanumfarinsa ko bai sani ba. Benensu yana unguwar Zariya a cikin Maraɗi. Babu wata hanya da na sani wadda za ta haɗa ɗan garka da wannan gida. Gwaggonta Tasalla, mazauniyar Tsibirin Gobir, ita ce ta zo sayen zogale wurinmu wata Laraba, ta kife bokiti ta zauna, ta yi ta yi mini tambayoyi kamar mai ɗaukar ma'aikaci. Ina salla a kan lokaci? Ina shan taba? Doguwar tafiya a mota tana sa ni amai? Akwai wani aiki da ya ɗaure ni a wuri ɗaya? Da ta gama ƙulle zogalenta, sai ta waiwayo ta ce, "Ɗan nan, kana ko da fasfo?"

Na yi dariya na ce ina da shi, yana barci. Ita ba ta yi dariya ba. Ta gyaɗa kai kawai.

Bayan mako biyu aka kai ni gaida Alhaji. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi fiye da shekara, kuma maganarsa ta yi nauyi. Idan ya fara kalma sai ta tsaya masa a maƙogwaro, 'ya'yansa maza su yi sauri su ƙarasa masa, wani lokaci da abin da ba shi yake nufi ba. Ni dai na zauna a ƙasa na jira shi, ba don wata hikima ba. Mutumin da ya girma yana jiran ruwa ya biyo kanal ya iso layinsa ba ya gajiya da jira. Ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya tambaye ni sunan mahaifina, na bari ya kai ƙarshe, sannan na amsa. Wata huɗu bayan haka aka ɗaura aure.

Ko mako ba a yi ba aka ce Alhaji ya yi mana kyautar tafiya hutun amarci, kwana goma a tsibirin Zanzibar. Innata ta riƙe baki, ta tambayi wane irin aure ne wannan da za a fara shi a ɗakin haya na wata ƙasa, alhali ko jeren amarya dangi ba su gama gani ba. Abokina Shamsu ya yi mini tsiya har da hawaye, yana cewa mutumin da ko Gulbi ya kawo ruwa ba ya tsoma ƙafa, shi za a kai teku. Ni ma na yi dariya. Amma a cikin zuciyata tambayar da nake kwana da ita tun ranar ɗaurin aure ta ƙara girma: me yarinya kamar Tahira ta gani a wurina?

A tashar kar, babbar motar da za ta kai mu Yamai, babban yayanta Maman Lawali ya ja ni bayan mota. Farar shadda ce a jikinsa, ƙamshin turarensa ya danne warin man gazuwal. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ya yi ƙasa da murya.

"Ango, ƙanwata tana da wayo. Can inda za ku tahi, ka sa ido. Wanda ta kira, inda ta nuhwa, ka sanar da ni. Don mutuncinka nike hwaɗi, ba don nawa ba."

Ya saki hannuna ya tafi. Wannan magana ta zauna tsakanina da matata daga Maraɗi har Yamai, kamar fasinja na uku a kujerar mutum biyu.

Abu na farko ya faru a filin jirgi. An nemi katin rigakafi, wannan mai launin ɗorawa. Nawa sabo ne fil, damtsena ma bai daina ciwon allura ba. Nata ya yi laushi, kusurwoyinsa sun naɗe, kuma da na leƙa kwanan watan, na ga shekara bakwai da suka wuce. Fasfonta kuwa sabo ne, an yi shi bayan sa ranarmu. Na tambaye ta, ta ce tsoho ne, ta karɓe ta sa a jaka, ta tambaye ni ko zan ci dabino. Na karɓi dabinon. Na lura dai da yadda ta bi filin jirgin Habasha ba ta ɗaga kai ta duba allo ba, ni kuwa ina binta a baya da akwati.

Ba zan zalunci wurin ba. Zanzibar tana da kyau irin wanda ban san Allah ya ajiye a duniya ba. Ɗakinmu yana kallon teku, da gado mai dogayen ƙafafu na baƙin katako da aka sassaƙa wa furanni, da farin gidan sauro da iska ke kaɗawa. Rairayin bakin ruwa ya fi garin rogo fari. Da safe ruwa yakan janye har ido ya daina ganinsa, mata su shiga da zannuwansu suna ɗaure ciyawar teku a jikin turaku, layi-layi kamar yadda muke dashen albasa. Da rana ya dawo ya rufe gonar tasu ɗungurum. Na tsaya ina tunanin ruwan da muke faɗa a kansa a Jiratawa, ga shi nan yana tafiya yana dawowa babu mai buɗe masa ƙofa. Muna cin kifi da shinkafar kwakwa, muna shan ruwan kwakwa ɗanye, jiragen ruwa masu tanti ɗaya suna wucewa a hankali. Tahira takan sa doguwar riga mai launin ganyen lemo da siririn mayafi, lallen ƙafarta har lokacin baƙi ƙirin, ta zauna a inuwa tana yi mini dariya idan igiyar ruwa ta kore ni.

"Malam, a Jiratawa an ce kai ne sarkin ruwa," in ji ta. "Ashe na kanal ne kawai."

Da mutum mai lafiyayyar zuciya aka kai wurin, da ya huta. Ni tattara shaidu nake yi. Matar da ke karɓar baƙi a otel ta rungume Tahira ranar da muka sauka, irin rungumar da ba a yi wa baƙo. Rana ta biyu na taka rairayi ba takalmi, ta ja ni baya ta ce akwai wani abu mai ƙaya kamar bushiya a ƙarƙashin duwatsun can, kuma da na duba, yana nan daidai inda ta nuna. Rana ta uku na fito daga wanka na same ta a baranda da salula a kunne, tana magana cikin harshen mutanen wurin, ba da in'ina ba, tana dariya irin wadda ban taɓa jin ta yi da ni ba. Da ta gan ni ta yi sallama ta ajiye. Na tambayi ina ta koyi yaren, ta ce kunne gare ta, ta shiga gyara mini wuyan riga.

A hannun nata ne na fara jin ƙamshin. Ba humrarta ba ce, ba turaren wutar da ta zo da shi daga gida ba ne. Kanumfari ne, mai ƙarfi, ya kama tafinta har cikin farce. Ba mu je kasuwa ba, ba ta shiga madafi ba.

Ina jin kunyar abin da zan faɗa yanzu, amma na yi alkawarin ba zan ɓoye ba. Da ta sauka karɓo mana ruwan zafi, na buɗe akwatinta. A ƙarƙashin atamfofinta na samu ƙulli uku na farin ƙyalle, kowanne an ɗaure shi da zare mai launi dabam: ja, baƙi da kore. Ni da na yi jami'a, ni da nake yi wa innata wa'azi a kan bokaye, sai da gabana ya faɗi. Na ce ko dai kyautar wani namiji ce, ko kuwa abin da aka haɗa don a mallake ni. Na kwance ɗaya, na ga kanumfari ne zalla. Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Wa ya kawo, yaushe, kuma me ya sa aka ɓoye a ƙarƙashin tufafi?

Rana ta huɗu, dab da la'asar, ta shiga alwala ta bar salularta a kan gado. Sai ta yi haske. Saƙon murya ne, sunan mai aikowa Bilal. Na ɗauka, na ga ba ta kulle ba. Ban saurara ba, don ko na saurara ba zan fahimta ba, amma na ja sama na ga saƙonnin sun yi nisa, wata da watanni, tun kafin Gwaggo Tasalla ta kife bokiti a garkarmu. Ina jin ƙarar ruwa a banɗaki. Na kwafi lambar a tawa salular, na rubuta wa Maman Lawali: "Yaya, ka san mai wannan lambar? Sunansa Bilal. Kullum suna magana." Na tsaya da yatsa a kan allo na ɗan lokaci. Na tuna dariyar baranda, na aika.

Kafin ta gama shafar kai amsa ta shigo: "Madalla, ango. Ka gama mini komi."

Na karanta sau uku. Mutumin da aka gaya wa ƙanwarsa amarya tana hira da wani namiji, ya kamata ya fusata, ko ya yi salati, ko ya kira ni nan take. Wannan godiya ya yi. Tahira ta fito tana goge fuska, ta shimfiɗa mana sallaya biyu, ta tsaya a bayana. Na ja mu salla, amma ban san surorin da na karanta ba.

Washegari da hantsi ta yi shigar da ban gani ba tun zuwanmu. Ta ajiye rigunan hutu, ta sa atamfa mai duhu da hijabi ruwan toka da rufaffen takalmi. Ta ciro mini yadina mai ruwan ƙasa da hula, ta ajiye a gado. Ƙulli ukun nan ta fito da su a gabana, ba ɓoyo, ta sa a jakar hannu.

"Malam, yau zan kai ka wurin wani," ta ce. "Sunansa Bilal."

Na sa kayan na bi ta.

Taksi ya bar bakin teku da mu ya shiga cikin tsibirin. Ƙasa ta koma ja, itatuwa suka rufe sama, har muka bar kwalta muka bi wata siririyar hanya da ita ce take nuna wa direba. Tun kafin mu tsaya ƙamshin ya shigo ta taga. A gaban wani gida mai rufin kwano an shimfiɗa tabarmi fiye da ashirin a rana, kowacce da kanumfari, wani kore, wani ja-ja, wani ya bushe ya yi duhu. Daga cikin gidan wani tsoho ya fito yana dogara sanda, da farin gemu da zane ɗaure a ƙugu, idonsa ɗaya ya yi fari. Shekarunsa ba za su gaza saba'in da biyar ba. Tahira ta durƙusa har ƙasa kamar yadda take gaida mahaifinta. Tsohon ya kira sunan Alhaji Ya'u sau biyu.

Wannan shi ne Bilal.

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, amma tare da ita wani sanyi ya sauka a ƙirjina, na ce alhamdulillahi a ɓoye. Sanyin bai daɗe ba. Tsohon ya kama hannuna da nasa biyu, ya dube ni da lafiyayyen idon, ya yi doguwar magana yana murmushi yana kallon Tahira. Ban ji yarensu ba, amma kalma ɗaya ta fito fili, domin ta Larabci ce, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san ta. Muharrami. Ya maimaita ta yana jijjiga hannuna.

A take na ga Gwaggo Tasalla a kan bokiti. Mota tana sa ka amai? Akwai aikin da ya ɗaure ka? Kana ko da fasfo?

Tahira ta ga fuskata ta canza. Ta tsuguna gaban tabarmin, ta kwance ƙullinta uku, samfurin da tsohon ya aika mata otel, ta shiga aiki. Ban taɓa ganin matata haka ba. Ta ɗebi kanumfari ta murza a tafi ta shinshina. Ta danna ɗaya da farcen babban yatsa ta duba ko mai zai fito. Ta karya wani kusa da kunnenta. Ta sa aka kawo ruwa a kwano ta zuba kaɗan, tana kallon waɗanda suka tsaya a tsaye da waɗanda suka kwanta a saman ruwa. Mai jan zare ta ture gefe tana girgiza kai, tsohon ya yi dariya ya tafa hannu kamar wanda ɗalibarsa ta kama shi. Sannan ya nuna mana benci a inuwar wata bishiya, ya shiga gida don a haɗa shayi.

Muka zauna, tazarar mutum ɗaya a tsakaninmu. Ita ta fara, a hankali, tana kallon tafinta. Ta ce zuwanta na bakwai ke nan. Tun tana shekara goma sha bakwai mahaifinta yake zuwa da ita, saboda ya gane hancinta ya fi na kowa a gidan, kuma a Maraɗi ana cewa ta tafi hutu wurin Gwaggo. Maman Lawali an taɓa damƙa masa kaya, ya gauraya mai kyau da wanda aka riga aka tatse wa mai, masu saye suka dawo da shi, Alhaji ya rantse ba zai taɓa nuna masa hanyar Bilal ba. Da ciwo ya kwantar da tsohon, Lawali ya tara gida ya ce mace ba ta tafiya babu muharrami, kuma shi da ƙannensa babu mai raka ta sai ta ba shi sunan tsohon da lambarsa. Ta ƙi. Kaka ɗaya ta wuce babu kaya. Gwaggo ce ta ce akwai muharramin da babu mai iya hana shi, shi ne miji.

"Wato ni tikitin jirgi ne," na ce.

"Da farko, i."

Na so ta yi ƙarya. Da ta yi, da na samu abin riƙewa. Na tambaye ta ko da mahaifinta yana da lafiya za ta aure ni. Ta bi wata kaza da ido har ta ratsa gabanmu ta wuce.

"Da ban san kana duniya ba, Malam. Wannan ita ce gaskiya. Gwaggo ta kawo sunaye uku, duk masu fasfo, duk marasa aiki." Ta ɗan yi murmushi, ni ban yi ba. "Na ce a kai kowa ya gaida Baba, ni ina bayan labule. Na farko ya ƙarasa masa magana. Na biyu ya duba agogo. Kai ka zauna ka jira shi har ya gama. Tun da ya kwanta babu wanda ya bar shi ya kai ƙarshen magana, har da ni. Da ka hita ya yi kuka. Ran nan na ce wa Gwaggo ta daina nema."

Ban san abin da zan yi da wannan magana ba. Wani ɓangare na zuciyata ya karɓe ta hannu biyu. Wani ɓangaren, wanda ya buɗe akwati, ya ce mini yanzu na ga yadda wannan mata ta iya ciniki, kuma mai iya ciniki ya san abin da mai saye yake son ji. Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini tun a gida.

"Na ga Yaya ya ja ka bayan kar a tasha," ta ce. "Na san abin da ya roƙe ka. Na ce bari in ba ka kwana huɗu in gani. Shi ya sa ban kulle salula ba. Na ga ka damu, na ga ka taɓa akwatina, don ba haka nike ninke atamfa ba. Amma ba ka tozarta ni ba, ba ka kai ni gaban kowa ba. Jiya da ka ja mu sallar la'asar na ce, wanga mutum ana iya nuna masa hanya."

Jiya da la'asar.

Ta buɗe jaka ta ciro wani tsohon fasfo da aka yanke wa kusurwa, ta ɗora a cinyata. Shafukansa cike da hatimi. Ta ce daga yau babu abin da za ta ɓoye mini, kuma idan na ce ta zauna a gida za ta zauna, domin haƙƙina ne, amma ta so in ga abin da idona kafin in yanke. Sannan ta gaya mini abin da ya rage. Bilal bai san ciwon Alhaji ya kai haka ba. Yau, a kan shayi, za ta faɗa masa, ta roƙe shi ya ɗaura alkawari da ita kamar yadda ya ɗaura da mahaifinta shekara talatin, ni kuma in zama shaida. Tsohon mutumin al'ada ne. Idan babban ɗa ya riga ta kiransa ya ce uba ya kwanta, shi ne magaji, Bilal ba zai iya juya masa baya ba, ko yana so. Lawali kuwa ya iya Larabcin kasuwa, Bilal ma ya iya.

"Abin da ya tsare ni ɗaya ne," ta ce. "Babu wanda ya san wurin nan sai ni da Baba. Yau sai kai."

Ta matso ta rufe tazarar da ke tsakaninmu, ta ɗora tafinta a kan hannuna. Karo na farko ke nan da ta riƙe hannuna haka a waje, a gaban idon mutane. Ƙamshin kanumfari ya taso daga fatarta. Salulata tana aljihun gaba, a kan ƙirjina, ina jin nauyinta kamar dutsen niƙa. Na ce a raina zan faɗa mata yanzu, kafin shayi ya iso. Na nemi kalmar da zan fara da ita. Na nemi wata wadda ta fi ta sauƙi. Ina cikin nema na ji ƙarar waya daga cikin gida.

Bilal ya fito, wata mata tana biye da shi da tiren shayi. Sandarsa tana hannu ɗaya, a ɗayan kuma wata ƙaramar salula mai maɓallai, tana ƙara tana haske. Ya nisanta ta daga fuskarsa, ya kusanto da ita, idon bai ba shi ba. Sai ya miƙa wa Tahira yana dariya. Daga baya na san abin da ya ce: tun jiya da yamma wannan lambar take nemansa, bai ɗauka ba don bai san ta ba, amma ya ga kamar ta ƙasarmu ce, ko Alhaji ne?

Ta karɓa ta duba. Ba ta buƙaci karanta lambar har ƙarshe ba, ta san ta yayanta ce. Na ga yatsunta sun ƙanƙame salular, na ga ta lissafa a ranta daga jiya da yamma zuwa baya. Ta zare ɗaya hannun daga kan nawa, a hankali, kamar mai gudun tada wani daga barci. Tsohon yana tsaye yana jiran a ba shi ya amsa. Salular ta yi shiru, ta sake farawa.

Tahira ta juyo ta dube ni. Babu fushi a fuskarta, kuma da akwai da ya fi mini sauƙi.

"Malam?" ta ce.

Na buɗe baki, kalmar ta tsaya mini a maƙogwaro, daidai inda take tsaya wa Alhaji Ya'u. Ita kuwa ba ta ƙarasa mini ba. Ta zauna da salular tana ƙara a tafinta, tana jira in kai ƙarshe.